Karnuka biyu a gida ɗaya: abin da na gani a Ingila da Jamus

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso ni, kuma tun da na karanta cewa karnukanka biyu sun fara kama juna hankalina bai kwanta ba. Na taɓa zama a gidan da aka yi irin wannan, na ga jini a ƙasa, na ga wahalar da dabbobin suka sha kafin a gano bakin zaren. Ka ce wani ya ba ka shawara ka nuna musu kai ne babba, ka kuma zaɓi ɗaya ka ɗora shi a kan ɗan'uwansa. Don Allah ka dakata tukuna, ka ji yadda abin yake a Ingila da nan Jamus, da irin kayan da ake sayarwa da masu sana'ar da ake kira idan haka ta taso.

Shekara uku na yi ina hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa a gefen birnin Bristol na Ingila. Karnukanta biyu duk mata ne: Tesa mai shekara tara, da Moli da aka kawo tana kwikwiya. Lafiya lau suke zaune har Moli ta doshi shekara biyu, wato lokacin da kare ke cika hankalin manya ya daina ɗaukar abin da yake ɗauka yana ƙarami. Aka fara da harara, aka koma gurnani, sai wata rana da yamma an danna ƙararrawar ƙofa, su biyun suka ruga cikin ɗan siririn lungun da ke kaiwa bakin ƙofa, nan suka sarƙe.

Dattijuwar ta nemo mai horar da karnuka ta intanet. Abin da ya kamata ka sani shi ne, a Ingila babu dokar da ta ce sai mutum ya ci wata jarrabawa kafin ya kira kansa mai horar da kare; duk wanda ya buga kati ya zama malami. Wannan ya zo da bayani mai daɗin ji. Ya ce kare kerkeci ne a jini, kowane garke da shugabansa wanda suke kira alfa, kuma uwar gida ce ta saki ragama shi ya sa ƙaramar ke neman sarauta. Ya shar'anta mata ta riƙa cin abinci kafin su, ta riƙa riga su fita ƙofa, kada ta bar su su hau kujera. Sannan a gabana ya kama Moli ya birkice ta rigingine, ya danne mata wuya da hannu. Ina tsaye kusa, ina ganin farin idonta, jelarta a manne da ciki, tana ta lasar baki, har fitsari ya kuɓuce mata. Ya ɗago ya ce ta sallama ke nan. Ni dai tsoro na gani tsagwaronsa, amma a lokacin ban da ilimin da zan ja da shi. Kafin ya tafi ya sayar wa dattijuwar da abin wuya mai jan lantarki, ya ce duk lokacin da Moli ta yi gurnani a danna.

Cikin mako biyu gurnanin ya ɗauke, uwar gida ta yi murna. Ashe gurnani shi ne gargaɗin da kare ke bayarwa kafin ya kai cizo, mu kuma mun kashe gargaɗin mun bar abin da ke haddasa shi. Faɗa na gaba babu sallama. Kunnen Tesa ya tsage sai da aka ɗinke, dattijuwar kuma ta sha cizo a hannu garin raba su.

Daga baya na bi diddigin wannan magana ta alfa, domin na ga ana sayar da kaya da yawa da sunanta. Tushenta wani masani ne ɗan Suwizalan, Rudolph Schenkel, wanda ya sa ido kan kerketan da ke tsare a gidan namun dajin Basel ya wallafa bincikensa a 1947. Waɗannan kerketai ba dangin juna ba ne, an tattaro su ne aka kulle wuri guda, to me zai hana su kokawar neman fifiko? Ba'amurke David Mech ya ƙara yaɗa kalmar a littafinsa na 1970. Shi da kansa kuma ya zo ya warware ta a 1999, bayan ya yi bazara 13 yana kallon kerketan daji a tsibirin Ellesmere na Kanada. Abin da ya tarar iyali ne: uba da uwa da 'ya'yansu, iyaye na ja gaba don su ne iyaye, 'ya'ya in sun girma su watse su kafa nasu. Ya yi shekaru yana roƙon a daina buga tsohon littafin nasa. Ka ga ko a wajen kerkecin maganar ba ta tsaya da ƙafafunta ba, balle kare da ya daɗe da rabuwa da shi. A nan Jamus, a Oberkassel kusa da Bonn, an tono wani kabari a 1914 inda aka binne mutum biyu tare da kare, kuma shekarunsa sun kai kusan 14,000.

Wanda ya fara gano gaskiya likitan dabbobin da ya ɗinke kunnen ne. Yana gamawa ya bi bayan Tesa da ƙugunta yana dannawa a hankali, da ya zo wani wuri ta zabura ta waiwayo. Ya ɗauki hoton ƙashi, sai ga ciwon gaɓoɓi ya ci ƙugun. Ruwa ba ya tsami banza: duk lokacin da Moli ta bangaje ta a wannan lungu zafi take ji, ta kai hauri da baki, Moli kuma da ta girma ta daina haƙuri. Ya ba ta maganin ciwo, ya kuma tura mu wajen wata masaniyar halayyar dabbobi mai rajista da ƙungiyar ABTC, wadda ke rajistar masu horar da dabbobi da masana halayyarsu a Birtaniya. Rajistar nan ta ganin dama ce, doka ba ta tilasta ta, amma ita ce ma'aunin da likitoci da yawa ke dubawa. Inshorar lafiyar karnukan ta ɗauki wani kaso na kuɗin, tun da likita ne ya tura.

Wannan mata ba ta taɓa karnukan ba a zuwanta na farko. Ta zauna a gefe kusan awa biyu tana kallo, ta ce a cire abin wuyan lantarkin nan take, ta kuma ba mu aikin rubutu: duk harara ko gurnani, a rubuta wuri da lokaci da abin da ke tsakaninsu. Da muka haɗa na kwana goma sai abin ya fito fili. Rikicin wuri biyu ne kacal, lungun ƙofa idan an yi baƙo, da gefen kujerar uwar gida. Wani abin da ya ba ni mamaki, a gefen kujera Tesa ce mai iko, Moli kan ja da baya. Amma idan ƙwallo ce Tesa ko kallonta ba ta yi, ta bar wa Moli. Ruwa kuwa kwano ɗaya suke sha ba tare da wata damuwa ba. To wace ce shugaba a cikinsu? Ya danganta da abin da ake magana a kai da yadda kowace ta damu da shi. Wannan ya yi daidai da abin da John Bradshaw da abokan aikinsa na Jami'ar Bristol suka rubuta a 2009, cewa kowane karnuka biyu suna koyon juna ne daga abin da ya gudana tsakaninsu, kowa ya san inda zai matsa da inda zai haƙura.

Kayan da suka yi mana aiki duk masu araha ne. Ɗan ƙyauren shinge irin wanda ake sa wa yara a bakin matakala, shi ya fi komai amfani, don da shi aka hana su haɗuwa a lungun. Kwano biyu a ɗaki biyu, a rufe ƙofa har kowace ta gama. Keji ga kowace, a buɗe, ya zama wurin da ba mai damunta. Takunkumi mai kama da kwando, wanda kare ke iya haki da shan ruwa a cikinsa, aka saba wa Moli da shi sannu a hankali da 'yar lada, ba irin na ƙyalle mai ɗaure baki ba. Akwai kuma robar nan ta Kong mai rami da ake cusa wa abincin kare, a ba kowace tata a wurinta idan baƙo zai shigo. Mun sayi wani abu da ake maƙalawa a soket yana fitar da sinadarin da aka ce yana kwantar wa kare da hankali. Ni ban ga wani bambanci ba, ba zan ce ka nema ba.

Da na dawo Jamus na sami aiki a gidan renon karnuka na yini a jihar Nidazaksen, wadda Hanoba ce babban birninta, sai na ga wani tsari daban. A nan tun 2014 duk wanda zai horar da karnukan mutane don kuɗi sai ya sami izini daga ofishin likitocin dabbobi na hukuma, bayan ya nuna ya san aikin. Abin wuya mai lantarki haramun ne a yi horo da shi, mai ƙayoyin ƙarfe ma an hana tun farkon 2022. Yankin Wales ya hana na lantarkin tun 2010, amma a Ingila ga shi an sayar mana a cikin falo. A jihar Nidazaksen tun 2013 sabon mai kare sai ya zauna jarrabawa, ta takarda da ta aiki, kuma dole ya yi inshorar ɓarnar da karensa zai iya yi wa wani. Ana biyan harajin kare, garuruwa da yawa kuma sun fi tsawwala wa kare na biyu, abin da ke sa mutum ya yi tunani kafin ya ƙara. Fiɗiya ma sun sha bamban: a Ingila abu ne na yau da kullum, a nan doka na son a kawo dalili. Ko a can ɗin masaniyar ta gaya mana kada mu sa rai fiɗiya za ta raba faɗan mata biyu, wanda shi ne ya fi muni cikin faɗan karnukan gida ɗaya.

Ba komai Jamus ta fi ba. Inshorar lafiyar dabba ta fi kafuwa a Ingila, kuma tun 2018 gidajen renon karnuka na can sai da lasisin ƙaramar hukuma, ana ba su taurari daga 1 zuwa 5 da kowa zai iya dubawa. A nan kuma takardu sun yi yawa, layin ganin ƙwararren likitan halayya yana da tsawo. Amma idan na tuna Moli a rigingine tana fitsari, na fi yarda da ƙasar da ke tambayar mutum me ya sani kafin ta bar shi ya ɗora hannu a wuyan dabba.

Kada ka ɗauka ina cewa babu girma da ƙanƙanta tsakanin karnuka. Akwai, kullum ina gani. A rukunin da nake kula da shi akwai wata tsohuwar karya, bakinta duk furfura, ban taɓa ganin ta ciji kowa ba. Da safe in an sako su, matasan kan zo mata da kai a sunkuye, kunne a kwance, jela na kaɗawa ƙasa-ƙasa, su lashi gefen bakinta, ita kuma ta kawar da kai kawai. In ta tashi ta nufi inuwa sai ka ga uku ko huɗu sun bi ta. In wasa ya yi zafi tsakanin biyu, takan taka ta ratsa tsakaninsu, shi ke nan an watse. Masu bincike da suka bi karnukan da ke yawo a gefen birnin Rum na Italiya sun ga irin haka: akwai jerin fifiko, yawanci manya a shekaru ne a sama, kuma waɗanda ake bi su ne waɗanda sauran ke zuwa suna yi wa ladabi da kansu. Mai yawan hargagi da tsalle a kan kowa, a abin da na lura, galibi shi ne mafi tsoro a cikinsu. Na ƙasa ne ke ba da girman nan, mutum ba ya iya ƙaƙaba shi daga waje, kuma karnukan sun san sarai mu ba karnuka ba ne.

Don haka, Yaya, ka raba musu wurin ci daga yau, ka ɗauke ƙashi da duk abin da suke ja a kai, kada kuma ka hukunta wanda ya yi gurnani. Ka kira shi ka raba su cikin natsuwa. In sun sarƙe kada ka kai hannu wajen kai. Ka watsa musu ruwa, ko ka zura katako ko murfin wani abu tsakaninsu. Ka kai babban wajen likitan dabbobi a duba haƙoransa da kunnuwansa da gaɓoɓinsa. Akwai karnukan da ba sa sake jituwa duk abin da aka yi, in ta kai ga haka nema wa ɗaya gida na kirki jinƙai ne gare su duka. Tesa da Moli ba su sake kwanciya jiki da jiki ba har na bar gidan, amma an yi fiye da shekara babu cizo, ƙyauren nan yana tsakaninsu duk lokacin da aka buga ƙofa.

Ka rubuto min shekarun kowane, maza ne ko mata, a ina suka yi faɗan kuma wa ke kusa da su a lokacin. Ka lura min da babban idan zai tashi daga kwance da safe, ko yana ɗan jinkiri ko ɗingishi. Ka gaida Anti da yara.