Yawon gidajen zane a Hermanus ranar Juma'ar farkon wata

Hermanus ƙaramin gari ne a bakin teku a Afirka ta Kudu, kimanin kilomita 120 daga Cape Town. Yawancin baƙinsa kallon kifin whale ke kawo su, wanda yake shigowa gaɓar Walker Bay daga watan Yuni zuwa wajen Nuwamba. Ni wani abu daban ya kai ni. Duk Juma'ar farko ta wata, gidajen baje kolin zane-zane na tsakiyar garin suna barin ƙofofinsu a buɗe daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 8 na dare, jama'a na fita wannan su shiga wancan. Sunan abin First Fridays Artwalk. Ba tikiti, ba kuɗin shiga, ba mai tambayarka ko saye ka zo yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kusancin wuraren. Mafi yawansu suna tsakanin Main Road, High Street da Harbour Road, dab da tsohuwar tashar jiragen masunta, don haka da ka ajiye mota ka gama da ita, sauran duk a ƙafa ne. Kuma a wannan daren masu aikin kansu sukan fito. A ranar da ba ta yawo ba, mai jiran kanti za ka tarar, iyakarta ta gaya maka farashi. A daren nan kuwa na tsaya da wata dattijuwa mai ginin tukwane, ta ɗauko wani kwano ta nuna mini yadda ruwan ƙyallin da ta shafa ya narke ya gangaro, ta ce sai wutar ta haura digiri 1,200 kafin ya ba da wannan launi, kuma ko ita ba ta sanin yadda zai fito sai ta buɗe murhun. Da ni kaɗai na shiga da na wuce kwanon ban ko waiwaya ba. Bayan bayaninta na daɗe ina juya shi a hannu. Wannan hirar ita ce ribar zuwan, kuma kyauta ake samun ta.

Kayan kuwa ba duka suka yi mini ba. Teku, kifin whale, kwale-kwalen masunta, furen protea, sai ka sake ganin teku. An san abin da baƙi ke ɗauka su rataye a falo, shi ake ta maimaitawa, har idonka ya ƙoshi kafin ka kai rabi. Aikin da ke da rai sai ka kutsa ciki, wani lokaci a ɗakin baya ko a saman bene: sassaƙen tagulla, zanen fuskoki da gawayi, da hotunan da ake sassaƙa a kan faranti a shafa tawada a buga a takarda. Wannan na ƙarshe tsohuwar sana'a ce a ƙasar, makarantar koyon zane ta Rorke's Drift ta yi suna a kai tun shekarun 1960, kuma shi ne mai sauƙin kuɗi don ana buga kwafi da yawa. Duba ƙasan takardar za ka ga lamba da fensir, misali 7/30, wato na bakwai cikin talatin da aka buga. Manyan zanen fenti kam farashinsu na masu hannu da shuni ne, ɗalibi sai dai ya kalla.

Akwai abubuwan da ya kamata ɗan uwa Musulmi ya sani tun kafin ya taso. Kwarin Hemel-en-Aarde da ake noman inabi yana bayan garin, saboda haka kusan kowace ƙofa ka shiga za a miƙo maka kofin giya. Na ce ba na sha, ba wanda ya ɓata rai, wasu suka kawo ruwa. Akwai kuma zanen tsiraici jefi-jefi, wanda zai zo da yara sai ya leƙa tukuna kafin ya shigar da su. Magariba ma a lissafa da ita: a Disamba rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 8, a Yuni kuwa kafin 6 ta faɗi, ana tsakiyar yawon. Darduma a mota ta warware mini wannan.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Taron da na gani akasari Turawa ne manya, alhali ga unguwar Zwelihle nan a gefen garin cike da matasa baƙar fata. Na so in ga aikinsu a bango fiye da yadda na gani, na so kuma in gan su suna zagayawa kamar kowa, tunda ba a biyan ko sisi.

Batun hanya, jirgin ƙasa ba ya zuwa Hermanus, mota ce dole. Ta babban titin N2 a haura hawan dutsen Sir Lowry's Pass a karya titin R43 tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, amma ranar Juma'a fita daga Cape Town akwai cunkoso, gara a kama hanya da an sallame Juma'a. Titin R44 da ya bi bakin teku ta Gordon's Bay da Kleinmond ya fi kyau, ya fi kuma cin lokaci, ba na ba da shawarar komowa ta nan da dare. Mai hali ya kwana, da safe ya taka Cliff Path, hanyar ƙafar da ta bi saman duwatsun gaɓa kusan kilomita 12.

Wanda zai zo sau ɗaya tak, ya zaɓi Disamba. A watan ne ake yin Night of a Thousand Drawings, inda ƙwararru da 'yan koyo ke ba da ƙananan zane kyauta, a rataye su a sayar kan farashi ɗaya mai rahusa, kuɗin ya tafi ga ƙungiyoyin agaji na yankin. Sai dai a zo da wuri, masu kyan tun farkon yamma ake kwashe su.