Kafin ka karɓi kuɗin kwastoma: WordPress, Wix ko kod ɗin hannu?

Mai zanen shafin intanet yakan ƙarar da rabin yininsa wajen amsa waya: shafi ya ƙi buɗewa a wayar Alhaji, hoto ya hau kan rubutu, harafin ƙ ya koma ɗan akwati, an sauya farashin kaya amma ba wanda ya san inda ake gyarawa. Galibin wannan wahalar tun ranar farko ake sayenta, ranar da aka zaɓi abin da za a gina shafin da shi.

Ma'aunin farko shi ne ƙa'ida. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita da takwararta WHATWG, su ke tsara yadda HTML da CSS, harsunan kod da ake rubuta shafi da ƙawata shi da su, za su kasance domin Chrome da Firefox da Safari su karanta shafi iri ɗaya. Waɗanda suka kauce wa wannan hanya sun gani a ƙwaryarsu. Shafukan da aka gina da Flash, tsohuwar manhajar nuna hotuna masu motsi, sun mutu a ƙarshen 2020, waɗanda aka ɗinka wa Internet Explorer kaɗai suka zama marayu da Microsoft ta jingine shi a watan Yunin 2022, alhali shafin HTML mai tsabta da aka rubuta shekara 25 da suka wuce har yau yana buɗewa. Ma'auni na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi: idan aka ɓata da kamfanin gobe, za ka iya kwashe kayanka ka koma wani wuri?

Wix, kamfanin da ake gina shafi a dandalinsa, a nan ya faɗi. Yana da sauƙi, yana da kyan gani, amma gidan haya ne: ba ka iya ɗauke shafin ka kai wa wani mai masauki (kamfanin da ke ajiye shafi a kan injinsa), kuma kuɗinsa da dala ake biya. Blogger ya ishi mai rubuta ra'ayinsa, bai ishi kanti ko makaranta ba. Rubuta HTML da CSS da hannu kuwa ba abin da ya kai shi sauri da tsabta, har ana iya ɗora shi kyauta a GitHub Pages, kuma duk mai son sana'ar nan dole ya iya shi. Matsalarsa ɗaya: kwastoma ba zai iya sauya ko lambar waya ba sai ya neme ka. Shafi mai fuska huɗu ko biyar da ba ya sauyawa, yi shi da hannu. Duk abin da ya wuce haka, WordPress.

A lura, biyu ne masu wannan suna. Akwai WordPress.com, kamfani mai ba da haya, akwai kuma manhajar kyauta ta WordPress.org da kake ɗorawa a masaukin da ka biya da kanka. Ta biyun nake nufi. Matt Mullenweg da Mike Little suka fara ta a 2003, kuma yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Amfanin wannan yawan a aikace shi ne, ko ka yi tafiya ko ka bar sana'ar, kwastoma zai sami wanda ya iya ta a Kano ko Yamai ba tare da wahala ba. Fayilolinka da rumbun bayananka duk a hannunka suke, kana iya naɗe su ka kai wani masauki a yini ɗaya. Mai son sayar da kaya sai a ƙara masa WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafi kanti, a haɗa da Paystack ko Flutterwave ya karɓi naira.

Sai dai WordPress ba ta hana mutum ɓata aikinsa. Nemi masauki mai PHP (harshen kod da WordPress ke aiki da shi) siga 8 zuwa sama. Zaɓi rigar shafi (theme, wato tsarin kamannin shafin) mara nauyi, irin GeneratePress ko waɗanda ke zuwa da manhajar kanta, ka yi aiki da editan tubala da ya zo tun sigar 5.0 a Disambar 2018. Manyan manhajojin ja-ka-ajiye suna burge sabon shiga, amma sukan naɗe layi ɗaya na rubutu cikin akwatunan kod biyar ko shida, su loda JavaScript da ba a buƙata, wasunsu ma idan ka cire su sai shafi ya cika da tarkacen alamomi. Fulogin kuma, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, kada ya wuce goma sai da dalili, domin kowanne ƙofa ce da sai an riƙa sabunta makullinta. Hoto shi ne babban mai kashe shafi: kwastoma zai turo hoton waya mai megabait 5, kai kuma ka rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, ka mayar da shi WebP (nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi), ka tabbatar bai kai kilobait 200 ba. Ka rubuta faɗi da tsawonsa a cikin kod, in ba haka ba rubutu zai riƙa tsalle yayin da hoton ke sauka, mai karatu ya danna abin da bai yi niyya ba.

Kafin ka sayi kowace riga, ɗauki adireshin samfurinta ka gwada. Saka shi a PageSpeed Insights na Google, ka duba sakamakon waya, ba na kwamfuta ba: babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Saka shi a na'urar tantance HTML ta W3C ka ga yawan kurakurai. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafi, ta ce bambancin launin rubutu da na bango ya kai 4.5 bisa 1, don haka rubutu ruwan toka a kan fari, wanda masu zane ke ƙauna, ba ya karantuwa ga dattijo a tsakar rana. Sannan ka buɗe shi a ƙaramar Tecno ko itel, da data, ba da wayifai na ofis ba. Wannan ce wayar da masu ziyara ke riƙe da ita.

Mai gina shafin Hausa yana da ƙarin gwaji. Shafin ya zama a tsarin haruffa na UTF-8, a sa masa alamar harshen Hausa, wato ha, sannan ka rubuta Ƙasa, ɗaki, ɓera, ƴaƴa da salon haruffan da rigar ta zo da shi. Salo da yawa masu tsada ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai manhajar buɗe shafi ta aro su daga wani salon, su fito a karkace kamar haƙorin roba. Noto Sans yana da su duka.

Yanzu ga inda ake cin mutane. A Telegram da WhatsApp za ka ga masu tallar rigar dala 59 a kan kuɗin katin waya, ko ma kyauta. Za su ce lasisin GPL, wanda WordPress ke ƙarƙashinsa, ya halatta rabawa. Lasisin ya halatta, amma bai ba ka tabbacin cewa ba a cusa komai a cikin fayil ɗin ba, kuma ba za ka sami sabuntawa ba. A 2019 kamfanin tsaro na Wordfence ya fitar da rahoto kan ƙwayar cutar WP-VCD, wadda ta irin waɗannan kayan sata take yaɗuwa: tana buɗe wa kanta asusun shugaba a ɓoye, ta bazu zuwa sauran rigunan da ke masaukin, ta cika shafi da tallace-tallace da mahaɗan banza. Ranar da Chrome ya sa wa shafin makarantar Islamiyya jan gargaɗi, ba wanda zai tambayi mai Telegram, kai za a kira.

Na biyu, sunan shafi, wato adireshinsa na intanet. Wasu masu zane sukan yi rajistarsa da imel ɗinsu, sai ranar da aka saɓa kwastoma ya gane adireshin da ya buga a allon kanti da katinsa ba nasa ba ne. Wannan cin amana ne, kuma yana zubar da mutuncin sana'ar gaba ɗaya. A buɗe asusun da imel ɗin mai shi, shi ya riƙe kalmar sirri. In .ng ne ko .com.ng, a saya wurin dillalin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da shi. In .com ne, a sani ba a iya sauya masa dillali cikin kwana 60 na farko, kuma sauyawar tana buƙatar lambar izini wadda mai asusun kaɗai ke iya fitarwa.

Sai masu cajin kuɗi mai yawa duk shekara a kan kwaɗon HTTPS, alamar tsaron shafi, bayan Let's Encrypt na ba da shi kyauta kuma yana sabunta kansa. Sai masaukin da ke cewa ba iyaka, amma a ƙananan rubutun sharuɗɗa an ƙayyade yawan fayiloli da ƙarfin injin da za ka ci. Ka tambayi farashin shekara ta biyu ma, don na farko sau da yawa tarko ne. Mai cewa zai kai ka shafin farko na Google cikin mako ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Akwai kuma saƙon imel da ke zuwa da tambarin dillali yana cewa sunan shafinka zai mutu gobe, danna nan ka biya. Kada a danna. A buɗe asusun dillalin kai tsaye a duba ranar ƙarewar.

Kwafin ajiya da ke zaune a masauki ɗaya da shafin, in masaukin ya faɗi tare za su tafi. A saita fulogin UpdraftPlus ya riƙa tura kwafi zuwa Google Drive na kwastoma duk mako, kuma kafin a miƙa aiki a gwada dawo da shafin daga kwafin sau ɗaya, a gaban mai shi.