Kangon gidan gumagumai da aka sassaƙa mini a British Columbia

Shekara guda ke nan da aka tsayar da kangon gidana a filin da na saya kusa da Edson, a lardin Alberta na Kanada. Masassaƙan da suka yi aikin suna yankin garin 100 Mile House ne, a lardin British Columbia, inda masu wannan sana'a suka yi yawa. Aikin hannunsu ya gamsar da ni ƙwarai, amma akwai wurare biyu da raina ya ɓaci.

A filinsu suke fara gina gidan gaba ɗaya, kuma sau biyu na je na gani da idona. Itacen Douglas fir na zaɓa. Da wuƙa mai mariƙi biyu suke ɓare ɓawon kowane gungume, shi ya sa har yau idan na shafa bango ina jin sawun wuƙar. Daga nan a ɗora gungume a kan ɗan'uwansa, a ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu da ma'aunin ruwa a jikinsa, a bi da shi ana kwafo duk wani tudu da kwari na gungumen ƙasa a jikin na sama. Sai a sauke, a fafe kwarmi da zarto mai inji, a gyara da kurfi, a mayar. Na gwada cusa katin banki tsakanin gumagumai biyu, ya ƙi shiga. Kakana magini ne a Zariya, na taso ina ganin yadda ake jera azara, don haka na san aikin da aka yi da natsuwa idan na gan shi.

Shirin ɗaukowa ne ya fi burge ni. Kafin su warware kangon, sun huda duk ramukan wayar lantarki, sun manna wa kowane gungume lamba mai nuna bangonsa da layinsa. Wajen lodi kuma an tsara tirelolin yadda gumaguman gindi za su fara sauka. Motocin suka biyo ta Little Fort, suka ratsa Jasper, suka iso lafiya. Mutum biyu daga cikin masassaƙan suka zo tare da kayan, cikin kwana 3 bango ya tashi a kan harsashi, ana shimfiɗa gashin tumaki a cikin kwarmin kowane layi don tare iska.

Babban masassaƙin ya zaunar da ni ya yi mini bayanin saukar bango. Ɗanyen itace yana tsukewa yayin da yake bushewa, don haka suna barin sarari kashi 3 cikin 4 na inci a kowace ƙafa ta tsayin bango. Nawa ƙafa 9 ne, aka bar kusan inci 7 a saman ƙofofi da tagogi. Ginshiƙan kuma a kan jak irin na murɗawa suke zaune, na riga na sassauta su sau biyu don su bi saukar bangon. Tsagar da ke fitowa a jikin itacen ma ya ce in sa ran ganinta, kuma ta fito.

Inda suka ba ni haushi shi ne kuɗin hayar injin ɗaga gumagumai a filina. Na ɗauka yana cikin jinga, sai saura mako 2 aka ce a kaina yake. Yana cikin takardar yarjejeniya, gaskiya, amma a duk zaman da muka yi babu wanda ya buɗe baki ya faɗa. Sannan tirela ɗaya ba a lulluɓe ta da tamfol da kyau ba, gumagumai 4 suka iso da taɓon hanya, na yi kwana 2 ina goge su da samfefa.

Wanda zai yi oda ya sani kango kawai zai karɓa, wato bango da ginshiƙai da itatuwan da ke ɗauke da rufi. Rufin kansa, tagogi, famfo da wuta, duk wani kafinta da wasu ma'aikata zai nema, kuma ya nemi waɗanda suka taɓa aiki a gidan da bangonsa ke sauka.