Nutsewa zuwa jirgin Thistlegorm a Bahar Maliya

Ƙarfe huɗu na asuba motar kamfanin nutso ta ɗauke mu a garin Sharm El-Sheikh na ƙasar Masar, ko shayi ban kurɓa ba. Muka shafe sa'o'i a kwale-kwale kafin mu isa inda jirgin yake kwance, kusan mita 30 a ƙarƙashin ruwa.

Thistlegorm jirgin ruwan dakon kaya ne na Birtaniya. Jiragen saman Jamus suka yi masa ruwan bama-bamai ranar 6 ga Oktoba, 1941, yana ɗauke da kayan sojoji, mutum 9 suka mutu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babura ƙirar BSA da aka jera a bayan manyan motoci, tayoyinsu na nan, tsatsa ta cinye sauran. Na haska tocila cikin wata mota, sai ga kifi ya leƙo ta wajen sitiyari. Takalman roba na sojoji kuwa birjik.

Jagoranmu, wani Bamisire mai haƙuri, ya san jirgin ciki da waje. Da igiyar ruwa ta fara fizgata, hannu kawai ya miƙo ya mayar da ni kan igiyar da muke riƙewa. Sai dai gilashin fuskar da suka ba ni haya yana yoyo, kuma masu nutso sun yi yawa har kumfarsu na tare gani. Abincin rana ma shinkafa ce mai sanyi.

Sai kana da takardar shaidar nutso mai zurfi za su ɗauke ka. In za ka je, tafi da gilashinka.