Gidan sauro mai buɗe kansa: na gwada shi daga Kano har Accra

Wannan gidan sauron da ake yayi yanzu, mai waya a jiki wanda kana zaro shi daga jaka zai yi fat ya miƙe kamar tanti, shi na saya kafin tafiyata Ghana bikin 'yar gwaggona a unguwar Nima da ke Accra, cikin watan Yuni, lokacin da ruwa yake zuba a Accra ba ƙaƙƙautawa. A Kantin Kwari na saya, na mutum ɗaya, dubu 13 bayan mun sha ciniki, jakar ma ba wani suna a jiki sai rubutun Chana.

Abin da ya sa na saya, gidan sauro na gida sai da ƙusa da igiya, to wane mai masauki ne zai bar ka ka buga masa ƙusa a bango? Wannan kuwa ba ruwansa da bango, ƙasansa a ɗinke yake, ka ɗora kan katifa ko tabarma ka shige ka ja zif shikenan.

A Aflao, garin bodar Ghana da Togo, na san ban yi asarar kuɗina ba. Mun taso daga Legas da asuba, mun bi Seme, Kwatano, Lome, ba mu gama da boda ba sai dare, dole muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, taga ɗaya ragarta a yage, ga kwata a bayan ɗakin, wajen ƙarfe 1 kuma aka ɗauke wuta fanka ta tsaya. Wallahi ina kwance ina jin kukansu ta ko'ina kamar ana goge, amma ko ɗaya bai shigo ba. Abokin tafiyata da ya yi min dariya a tasha, wai Malam kai da faifai za ka Ghana, shi ya kwana yana marin kansa, ya kunna igiyar leƙo hayaƙi ya ishe mu tari, da safe goshinsa duk ƙuraje.

To amma akwai matsala, kuma mai shago bai faɗa min ba. Ragar ba ta da magani a jiki. Irin wanda ake raba wa masu juna biyu a asibiti an jiƙa shi da maganin da ke kashe sauro in ya sauka a kai, wannan kuwa zare ne zalla, duk inda fatarka ta jingina da raga za su cije ka ta waje. Ni dogo ne, ga juyi cikin barci, na tashi gwiwar hannuna ta dama da cizo ya kai 6 a jere. Daga ranar sai na riƙa tare gefen da filo da zani. Akwai zafi kuma, in babu fanka za ka yi gumi sosai.

Naɗewa kuwa, hmm. Ana murɗa wayar ne ta koma kamar lamba 8 sannan a haɗe, a baki da sauƙi. Na fi minti 20 ina kokawa da shi direba yana ta hon, ya kuɓuce ya make ni a haɓa. A Nima wani jikan Gwaggo ɗan firamare ya karɓa ya ce Kawu kawo ka gani, kafin in ƙifta ido ya cusa shi a jaka. Kuma ko an naɗe ba ya shiga akwati, sai dai ka rataya.

Kar wanda ya ɗauka gidan sauro kaɗai ya isa. Sauron maleriya daga magariba zuwa asuba yake aiki, kuma magaribar nan a layin boda ta same mu, ba a gado ba. Akwai kuma mai ɗigon fari a ƙafa da ke cizo da rana tsaka, shi ke kawo dengi da cutar shawara, shi ya sa ma Ghana ba sa wasa da katin rigakafin nan mai ruwan ɗorawa. Don haka na haɗa da man shafawa daga kyamis, ka duba bayan kwalbar ka ga an rubuta DEET, wato sinadarin da ke korar sauro, kashi 20 zuwa 30 ya wadatar. Yana aiki, sai dai duk alwala tana wanke shi, in ka idar da sallar magariba ka sake shafawa musamman idon sawu. Yana cin roba kuma, madaurin agogona har yau danƙo yake yi, kuma ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Fiya-fiya dai don Allah a bar ta, guba ce, ba abin fesawa a rufaffen ɗaki ba.

Kwana 11 na yi, na dawo lafiya, abokin nawa kuwa sati ɗaya da dawowarmu zazzaɓi ya kwantar da shi, gwaji ya nuna maleriya. Cikin 10 na ba shi 7, in za ka saya ka ɗauki babba ko da kai kaɗai ne, ka ja zif ɗin sau da yawa a gaban mai shago, kuma kar ka bar wajen sai ya koya maka naɗewa. Nawa yana nan jingine a bayan ƙofa a buɗe tun da na dawo.