Gargaɗi ga masu zuwa Guangzhou sarin kaya: ana sayar da ɗakunan otal na bogi

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa, musamman masu shirin tafiya ƙasar Sin sarin kaya ko halartar baje kolin Canton. Akwai wata damfara da ke yawo a tsakaninmu, kuma yawancin waɗanda aka yi wa ba sa faɗa saboda kunya, shi ya sa masu yin ta suke cin karensu babu babbaka. Mutane ne ke shigowa zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa, wasu a Facebook da TikTok, su ce su ejan ne masu kama ɗaki a otal-otal na Guangzhou da sauran garuruwan lardin Guangdong da rahusa. Ka tura naira, a turo maka takarda mai tambarin otal, ka kwaso gajiyar jirgi ta Addis Ababa ko Alƙahira, ka sauka filin jirgin Baiyun, ka isa otal a ce ba a san da zuwanka ba.

Otal-otal ɗin da yawancinmu ke sauka matsakaita ne, masu rassa da yawa: Vienna, JI Hotel, Atour, Holiday Inn Express, sai na ƙasa da su kaɗan irin su Hanting da Home Inn da 7 Days Inn. Waɗannan kamfanoni ba su da hannu a cikin cutar, sunansu ake ara. Amma yadda aka tsara su shi ne ya ba ɓarayin ƙofa. Suna ɗaya ne, tambari ɗaya, gado da labule da banɗaki duk kama ɗaya, ga rassa rututu a gari guda. Hoton ɗakin da ke reshen Guangzhou ba shi da maraba da na Foshan ko Dongguan. Abin da ke bambanta su shi ne sunan reshe, wanda ake rubutawa bayan sunan otal, yawanci da sunan titi ko tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kusa. Mu kuwa da mun ga sunan da muka sani sai hankalinmu ya kwanta, ba ma karanta sauran.

Nan ne cuta ta farko take, kuma ita ce mafi wuyar kamawa domin ɗakin na gaske ne. Ka ce kana son kusa da Pazhou inda ake baje kolin, ko Xiaobei da Sanyuanli inda mutanenmu suke da abincin halal, ejan ya karɓi kuɗin wannan unguwar, ya je ya kama maka reshe mai arha can bayan gari, a Conghua ko Zengcheng ko Nansha. Duka a cikin Guangzhou suke a takarda, don haka bai yi ƙarya ba idan ka tuhume shi. Amma kullum sai ka ɓata fiye da awa guda kafin ka isa kasuwa, ka ɓata wata ka dawo, kuɗin tasi ya cinye abin da kake ganin ka rage, shi kuma ya soke bambancin a aljihunsa. Wanda ya zo da kwana bakwai kacal, yana son ya leƙa Lecong a Foshan don kujeru, ya je Guzhen a Zhongshan don fitilu, ya gangara Huaqiangbei a Shenzhen don wayoyi, wannan asarar lokaci ta fi asarar kuɗin ciwo.

Ta biyu ta fi muni. Manhajojin kama ɗaki suna ba da damar a kama yau a soke gobe ba tare da an biya ko sisi ba. Sai ejan ya kama ɗakin da sunanka na gaskiya, takarda ta fito da lamba ta gaskiya, ko ka bincika a ranar za ka ga komai daidai. Da ya ga alat, sai ya soke. Na tsaya a gefen wani matashi ɗan kasuwar waya daga Kano a kantar wani otal, tafiyarsa ta farko ke nan. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta buga lambar fasfonsa, ta sake bugawa, sannan ta juyo masa da kwamfutar ya gani da idonsa. Da ta ga bai gane ba ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara: an soke tun mako biyu da suka wuce. Ya ciro waya zai kira ejan, WhatsApp ba ya buɗewa, domin a Sin a toshe yake, shi da Facebook da Google, sai mai layin gida da ke aiki a waje ko wanda ya shirya wata hanya tun kafin ya taso. Ya tsaya riƙe da jaka yana ta cewa, "Alhaji, wallahi na biya, ga rasit." Rasit ɗin kuwa na tura kuɗi ne zuwa asusun wani mutum a Najeriya, otal ba ruwansa da shi.

Akwai masu haɗa takardar gaba ɗaya a kwamfuta, akwai masu biya da katin sata, daga baya a janye kuɗin otal ya ce sai ka sake biya.

Sun fi ɓarna a lokacin baje koli. Ana yin sa sau biyu a shekara tun 1957, daga 15 ga Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma daga 15 ga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kashi uku-uku. A waɗannan makonni ɗakuna suna tsada sosai, na kusa da Pazhou su cika. To duk wanda ya ce zai ba ka ɗaki kusa da wajen baje koli a tsakiyar Oktoba a farashin watan Yuli, ka san akwai lauje cikin naɗi. Kuma kullum da gaggawa suke zuwa: saura ɗaki biyu, Hajiya, in ba ki tura yau ba wani zai ɗauka. Hajiyoyinmu masu sarin lesi da jakunkuna da kayan kicin su aka fi hari, saboda a ayari suke tafiya, mutum ɗaya ta tattara kuɗin mutum biyar ko shida ta tura. In abin ya ɓaci, ita za a riƙe, zumuncin shekaru ya lalace a kan laifin da ba nata ba.

Wani abin da suke tsorata mutane da shi shi ne cewa otal-otal ba sa karɓar baƙin waje, su kaɗai suka san masu karɓa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin an daɗe ana mayar da baƙi daga wasu ƙananan otal. Amma a 2024 hukumomin Sin sun fito sun ce bai halatta otal ya ƙi baƙo da hujjar ba shi da izinin saukar 'yan ƙasar waje ba. Duk da haka ka tambaya kafin ka biya, don har yanzu ana samun masu noƙewa. Abin da ba zan so kowa ya yarda da shi ba shi ne ejan ya ce otal ya cika, ya kai ka wani gida a bene ya ce kwana nan, duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Dokar shige da fice ta Sin ta ce otal ne ke yi wa baƙo rajista da 'yan sanda, wanda kuma ya sauka a gida dole ya yi rajista da kansa cikin awa 24, in bai yi ba tarar tana iya kaiwa yuan 2,000. Bayan tarar, ga zama da fargaba a ƙasar da ba ka jin yarenta.

Ban ce duk ejan ɓarawo ne ba. Akwai 'yan uwanmu da suka daɗe a can suna wannan hidima da amana, kuma mutane na bukatarsu, tunda katin naira ba ko yaushe yake aiki a waje ba. Amma mai gaskiya ba ya jin haushi don ka bincika. Ka ce ya ba ka cikakken sunan reshe da adireshinsa da rubutun Sinanci, wanda dama shi za ka nuna wa direban tasi. Ka nemo lambar wayar reshen da kanka a shafin kama ɗaki na Trip.com ko manhajar kamfanin otal ɗin, kada ka kira wadda ya ba ka, don tana iya zama ta abokin cin mushensa. Lambar otal ta ofis a Guangzhou da 020 take farawa, Shenzhen 0755, Foshan 0757, Dongguan 0769. In Turancin mai ɗauka bai wadatar ba, ka roƙi wanda kake sarin kaya a wajensa ko mai kagonka, wato mai turo maka kaya gida, ya kira, ko ya taka ya je. Su tambayi abu uku: akwai ɗaki da sunan da ke fasfonka, na kwana nawa, kuma an biya ko ba a biya ba. Sin tana gaban Najeriya da Nijar da awa 7, ƙarfe takwas na safe a Kano ƙarfe uku na rana ne a can. Kiran farko ba ya isa, saboda masu sokewa. A sake kira ana jibi tashinka.

Ni dai abin da na fi natsuwa da shi shi ne in kama ɗakin da ake biya a kantar otal bayan an isa, in riƙe yuan a hannu na kwana biyu da kuɗin ajiyar da wasu otal ke karɓa. In dole sai ta hannun ejan, kafin alƙalami kaɗan ya isa, sauran sai ka karɓi makulli. Kuma kada ka biya kuɗin otal na garuruwa uku a dunƙule tun daga gida. Tsakanin tashar kudu ta Guangzhou da tashar arewa ta Shenzhen kusan rabin awa ne a jirgin ƙasa mai gudu, Foshan kuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa na zuwa, sau da yawa ba ka ma bukatar canza masauki.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kuma ya fara ganin alamun rashin gaskiya, kada ya ƙara ko kwabo, ko da an ce cikon haraji ne ko canjin dala ya tashi. Ya adana hirarsu da rasit da lambar asusun, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC, ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyar kasuwarsu da masu kula da zauren da ya haɗu da mutumin, don a cire shi kafin ya kama wani. Wanda kuma abin ya ritsa da shi yana can, ya tambayi kantar ko akwai ɗaki ya biya na dare ɗaya, in babu su duba masa wani reshensu na kusa. Lambar 'yan sanda a Sin 110 ce.