Giris ɗin Farfela: Abin da Na Gani a Ostareliya

Ƙanena, assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ka ce Land Cruiser ɗinka tana yin "ƙwas" a ƙasa duk lokacin da ka saka giya ko ka ɗaga ƙafa daga totur, kana so in aiko maka da giris na waje. Zan aiko, amma ka fara jin yadda ake yi da shi a nan, don giris ɗin kaɗai ba zai yi maka maganin ƙarar ba.

Mutanen ƙasar nan sun san fowil, wato mota mai ja da tayoyi huɗu. Land Cruiser 70 da Toyota ta fara ƙerawa a 1984 har yau ana sayar da sabuwarta a nan, manoma da masu haƙar ma'adinai ba su rabu da ita ba. Suna ratsa rafuka da ita a hanyar Kef Yok, can arewacin ƙasar, suna tuƙi a bakin teku cikin yashi da ruwan gishiri. Saboda haka ba sa wasa da giris.

Bambanci na farko shi ne yadda ake sayar da shi. A gida mun saba da buɗaɗɗen gwangwani, bakanike ya kwaso da yatsa ya shafa wa boris, ya shafa wa farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, ƙura na sauka a ciki. A nan yana zuwa ne a rufe cikin bututu mai giram 450, a zura shi cikin famfon giris, hannu bai taɓa shi ba. Yashi ƙwaya kaɗan ya isa ya cinye ƙananan allurai da ke juyawa cikin kofunan kuros, wato gaɓar nan mai hannu huɗu a bakin farfela, don haka wannan rufin ya fi mini sunan kamfanin daraja.

Sai rubutun jikin bututun. Za ka ga NLGI da lamba. Ma'aunin kauri ne na wata cibiya a Amurka, daga 000 mai kusan zuba kamar mai zuwa 6 mai tauri. Na farfela lamba 2 ne. Za ka kuma ga abin da aka kaurara shi da shi, galibi litiyam. Wannan yana da muhimmanci, domin giris mai ne da aka riƙe da wani sabulu ko wani abin kaurarawa, kuma ba kowanne ke jituwa da ɗan'uwansa ba. Idan ka ɗura mai foliyuriya ko mai yumɓu a kan mai litiyam, suna iya tsinkewa su zube, kuros ya bushe kana zaton yana cike. Launi kuwa, ja ko shuɗi, rini ne kawai. Baƙi-baƙin nan ne kaɗai launinsa ke nuna wani abu: galibi an zuba masa garin moli, wani sinadari mai santsi da ke rage gogar ƙarfe.

A nan ne bakaniken gida da na nan suka fi rabuwa. Farfela gaɓoɓinta ba iri ɗaya ba ne. Kuros birgima yake yi, giris ɗin litiyam lamba 2 ya ishe shi. Wurin da farfela ke shiga tana fita a kan haƙora, wato silaida, goga ce ta ƙarfe da ƙarfe, moli ya fi kama wurin. Haka gaɓar cikin aksul ɗin gaba da ke bai wa taya damar juyawa tana ja, ita ma moli take so. Littafin motarka ya ware kowace gaɓa da nata giris, ka bi shi. Ni dai famfo biyu nake ajiyewa, kowanne da nasa, ba na haɗa su.

Yadda ake ɗurawa ma aiki ne. Ka goge kan nipul, wato ɗan bakin da ake ɗura giris ta cikinsa, da tsumma kafin ka ɗora famfo, in ba haka ba dattin bakinsa za ka tura ciki. Ka yi ta bugawa a hankali har sabon giris ya fito ta dukkan sil huɗu na kuros, wato robobin da ke bakin kofunansa. Idan uku suka fitar ɗaya ya ƙi, wannan kofin a bushe yake, kuma shi zai fara mutuwa. Ka ɗaga motar, ka juya farfela, ka sake gwadawa. Silaida kuwa akasin haka ne, bugu kaɗan ya isa. In ka cika ta maƙil, giris ba ya matsuwa, sai farfela ta riƙa dannar boris ɗin ƙaramar giyar fowil duk sanda mota ta faɗa rami. Wannan kuskuren na ga ya fi yawa, kuma masu kyakkyawar niyya ne ke yin sa.

Gaskiya akwai inda namu suka fi. Bakaniken gida zai cire kuros ɗaya ya buga sabo cikin ɗan lokaci. A nan ladan aiki na da tsada, gareji da yawa sun fi son canja farfela sukutum, musamman a motocin da aka rufe kuros ɗinsu babu nipul. Shi ya sa mai fowil a nan yake kwanciya ƙarƙashin motarsa da kansa, kuma idan ya ratsa ruwa mai zurfi ba ya jiran lokacin sabis, a ranar ko washegari yake kore ruwan da sabon giris.

Kafin saƙon ya iso, ka kashe motar a fili mai shimfiɗa, ka tokare tayoyi, ka cire giya, ka kama farfela kusa da kuros ka girgiza. In ka ji wasa, ko ka ga jan garin tsatsa a bakin sil, kuros ɗin ya riga ya tafi, sai canji, ka nemi mai nipul. In kuwa babu wasa, silaida nake zargi da bushewa. Ka turo mini shekarar motar da lambar inji don in san wanda zan saya. A gaida Umma da yara.